Babi na Bakwai: Dogon Donat Mai Shafen Mefil

'Yan uwa ɗalibai, a babin da ya gabata mun koyi karanta lambobin da ke jikin sikeli da agogo. Yau za mu shiga da su kicin. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a wajen tuwo da miya. A wajen kwaɓin fulawa mai yis kuwa, ido kaɗai yana yaudara. Sai an auna, an ƙirga, an duba lokaci. Shi ya sa na zaɓi wannan girki don darasinmu.

Sababbin kalmomi

Ku karanta da ƙarfi, sannan ku rubuta kowace kalma sau uku a littafinku:

do-nat, me-fil, fu-la-wa, yis, kwa-ɓi, sha-fe, gi-ram, min-ti

Mene ne dogon donat?

Donat da muka saba gani a shago zagaye ne mai rami a tsakiya. Wannan kuwa dogo ne, mai kusurwa huɗu kamar sandar sabulu, ba shi da rami. Abincin Amurka ne. A jihohin yammacin ƙasar, irin su Oregon da Washington da Kalifoniya, ana yawan sayar da shi da shafen mefil a sama, a ci da kofi da safe. A shagunansu soya shi ake yi cikin mai. Mu za mu gasa shi, domin gashi ba ya cin mai, kuma an huta da tsatsar mai a hannu.

Mefil sunan bishiya ne. Tana fitowa a ƙasashen sanyi, musamman gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Ganyenta ne ja ɗin nan da ke tsakiyar tutar Kanada, tutar da suka fara amfani da ita a 1965. A ƙarshen lokacin sanyi, wajen watan Fabrairu zuwa Afrilu, idan dare ya yi ƙanƙara rana kuma ta ɗan yi ɗumi, ruwa yakan motsa a jikin bishiyar. Sai a huda ta, a sa ɗan bututu, ruwan ya riƙa ɗiga cikin bokiti. Mutanen asali na yankin ne suka fara wannan sana'a, tun kafin zuwan Turawa.

Ruwan da ke fitowa fari ne tas, zaƙinsa kaɗan ne. Sai an dafa shi, an yi ta dafawa, har ya ƙone ya yi kauri, ya koma kalar zuma. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa ruwan rake a yi mazarƙwaila ya fahimci aikin. Ana bukatar kimanin lita 40 na ruwan bishiya kafin a sami lita 1 na mefil. Wato jarka biyu masu cin lita 20, su koma kwalba ɗaya. Bishiyar kanta takan yi wajen shekara 40 kafin ta isa hudawa. Lardin Kebek na Kanada shi ne ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na mefil ɗin duniya. Daga nan za ku gane dalilin tsadarsa.

Karanta jikin kwalba

A nan karatunku zai yi muku rana. A manyan kantuna akwai kwalabe iri biyu, dukansu da hoton ganye, dukansu an rubuta Maple a jiki. Ɗaya na gaske ne. Ɗayan ruwan sukarin masara ne da aka sa wa kala da ƙamshi. Ku juya bayan kwalbar, ku nemi wurin da aka jera abubuwan da ke ciki. Na gaske abu ɗaya tak za ku gani, sau da yawa da lamba 100% a gaba. Idan kuka ƙirga abubuwa biyar ko shida, na haɗi ne. Na haɗin ma yana yin shafe, kuma ya fi araha. Abin da nake so shi ne ku san abin da kuka biya kuɗinsa. Ku sayi ƙaramar kwalba, domin na gaske yakan yi fumfuna idan an buɗe shi ba a sa a firij ba.

Wanda bai samu ba kada ya fasa. Zuma ko narkakkiyar mazarƙwaila za su tsaya a gurbinsa. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya ba, amma zai yi daɗi. Sai dai a kula, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma.

Kayan kwaɓi, na donat 12

Fulawa, giram 500, wato kofi 4
Madara mai ɗumi, kofi 1
Yis, giram 7, wato ƙaramin cokali 2 da kwata
Sukari, babban cokali 4
Bota, babban cokali 4
Ƙwai 1
Gishiri, ƙaramin cokali 1

Kofin da nake nufi shi ne mai cin mililita 250. Ga hanyar gane shi: ledar ruwan sha da ake sayarwa a titi mililita 500 ce, an rubuta 50cl a jikinta. Kofin da ledar za ta cika sau biyu daidai, shi ne kofinku. Ku ware shi, ku ɗaura masa zare a hannu, kada yara su tafi da shi. Idan za ku auna fulawa, ku zuba ta da cokali, kada ku danna, sannan ku share saman da bayan wuƙa. Kofin da aka danna yakan ɗauki fulawa fiye da ƙima, sai donat ya fito da tauri. Mai madarar gari ta dama babban cokali 4 cikin kofi 1 na ruwa.

Kwaɓawa

Yis abu ne mai rai. Yana cin sukari, yana fitar da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓi. Sanyi yana sa shi barci, zafi mai yawa yana kashe shi. Ku ɗiga madarar a cikin hannunku. Idan ɗuminta ya yi kamar ruwan wankan jariri, ta yi. Idan kun janye hannu, ta yi zafi, ku jira.

Ranar da na fara yin wannan donat, ina sauri domin baƙi suna hanya. Na sauke madara daga wuta na juye kan yis nan take. Na kwaɓa, na rufe, na jira awa biyu. Da na buɗe, kwaɓin yana nan yadda na bar shi, bai motsa ba ko kaɗan. Fulawa rabin kilo da ƙwai da bota suka tafi. Tun daga ranar ba na tsallake gwajin da zan faɗa muku yanzu.

Ku zuba yis da cokali 1 na sukarin a cikin madarar, ku juya, ku duba agogo. Bayan minti 10 za ku ga kumfa ta taso a sama, ƙamshin burodi yana tashi. Idan babu kumfa, yis ɗin ya mutu ko ya tsufa. Gara a yi asarar kofin madara da a yi asarar kwano guda. Ku duba kwanan watan da ke jikin ledar yis kafin ku saya.

Idan kumfa ta taso, sai a zuba fulawa da sauran sukari da gishiri a babban kwano, a yi rami a tsakiya. A zuba madarar, a fasa ƙwai, a sa bota mai laushi. A haɗa da hannu. Da farko zai manne wa yatsu, kuma zuciya za ta ce a ƙara fulawa. Ku daure. Ku juye shi kan tebur mai tsabta, ku tura da tafin hannu, ku naɗo, ku juya, ku sake turawa, har minti 10 cif. Wajen minti na shida za ku ji ya fara sakin hannu. Zuwa na goma ya yi sumul, idan aka danna da yatsa yakan taso a hankali. Wannan ba ruwan kwaɓin fanke ba ne da ake bugawa, kuma bai kai na cincin tauri ba. Tsakaninsu yake.

A shafa wa kwano ɗan mai, a sa kwaɓin, a rufe da leda ko ƙyalle mai ɗan laima. A bar shi ya ninka girmansa. Lokacin bazara minti 45 kan isa. Lokacin hunturu yakan kai awa ɗaya da rabi, kuma iska tana busar da samansa, don haka a rufe da kyau, a ajiye kusa da murhu amma ba a kansa ba. Ku sa alama a jikin kwanon inda kwaɓin ya tsaya, ku rubuta lokacin da kuka rufe.

Yankawa

Ku ari rular ɗan makaranta, tsawonta santimita 30 ne. A barbaɗa fulawa kaɗan, a murza kwaɓin da abin murzawa ko kwalba mai tsabta, tsawo santimita 30, faɗi 24, kauri kamar yatsa. A raba faɗin biyu, kowane ɓangare santimita 12. A yanka tsawon gida shida, kowanne santimita 5. Layi 2, kowanne guda 6, ya ba da 12. A yanka da wuƙa mai kaifi, a danna ƙasa kai tsaye, kada a ja.

A jera su a tire da aka shafa wa mai, a bar tazarar yatsu biyu tsakaninsu. A sake rufewa minti 30 zuwa 40. Wannan tashi na biyu shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke kawo laushi.

Gashi

Mai obin ta kunna shi tun kafin lokaci, ta kai lambar 190 a ma'aunin zafi na Celsius. A gasa minti 12 zuwa 15. Saman zai ɗan yi ja kaɗan, ba kamar burodi ba. Ku ɗaga ɗaya ku duba ƙasansa, idan ya yi ruwan zinariya ya nuna. Minti uku na ƙari sun isa su busar da shi.

Marar obin ta yi yadda muke gasa kek. A zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, kaurin yatsu uku, a rufe, a ɗora kan gawayi ko gas minti 15. A sa murfin gwangwani ko duwatsu uku a kan yashin, a ɗora faranti a kai. A gasa huɗu-huɗu, wuta matsakaiciya, wajen minti 15 zuwa 20. Idan ƙasa na ƙonewa sama bai nuna ba, a rage wutar ƙasa, a ɗora garwashi kaɗan a kan murfi. Da an sauke, a shafa musu ɗan narkakken bota.

Shafen mefil

Garin sukari na ayisin, kofi 1 da rabi
Mefil, babban cokali 5
Narkakken bota, babban cokali 2
Madara, babban cokali 1 ko 2
Gishiri, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka

A tankaɗe garin sukarin tukuna don kada ya yi gudaji. A zuba mefil da bota da gishiri, a juya. Madara ita ce ta ƙarshe, a riƙa sa ta ɗigo-ɗigo. Ku ɗaga cokali sama. Shafen ya zubo a hankali kamar kunu mai kauri, ya bar layi a sama na ɗan lokaci kafin ya ɓace. Idan ya yi ruwa a ƙara gari, idan ya yi tauri a ƙara ɗigon madara. Kada a raina gishirin nan, shi ke hana zaƙin ya gundiri baki.

A bar donat ya huce minti 15. Idan da zafi aka tsoma, shafen zai narke ya zube a faranti. A kama kowanne ta gefe, a kifa fuskarsa cikin shafen, a ɗaga, a bari ya ɗiga sau biyu ko uku, a juya a ajiye. Cikin minti 20 saman zai bushe ya yi sheƙi, idan aka ciza ya ɗan fashe. Gasasshen donat ranar da aka yi shi ya fi daɗi. Wanda ya kwana a sa shi a roba mai murfi, ba a leda ba, domin leda tana jiƙa shafen. Yana da zaƙi sosai, guda ɗaya ya ishi mutum da shayi marar sukari, kuma mai ciwon suga ya tambayi likitansa kafin ya ci.

Aiki

1. Lita nawa na ruwan bishiya ake bukata don a sami lita 3 na mefil?
2. Ladi ta rufe kwaɓinta da ƙarfe 9:20 na safe. Zai tashi cikin awa 1 da minti 15. Ƙarfe nawa za ta buɗe?
3. Za a yi suna, ana son donat 36. Kofi nawa na fulawa, ƙwai nawa, giram nawa na yis?
4. Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin kowane kaya, ku rubuta, ku tara, ku raba gida 12. Nawa donat ɗaya ya tashi? Kada ku manta da kuɗin gawayi ko gas.
5. Ku rubuta jimla uku a kan abin da ke kashe yis da yadda ake gane yana da rai.

Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da kofinsa na awo da ledar ruwa ɗaya, za mu gwada su a aji.