Yadda za ka ba da maki a damben boksin idan an yi kusan kankankan

Idon ɗan Nijar da kokowa ya saba. Tun da aka fara gasar takobi a Tahoua a 1975, hukuncin da muka sani guda ne: wanda aka kai ƙasa ya faɗi, magana ta ƙare. Damben gargajiya ma haka yake, ko a yi kisa ko a tashi turmi uku babu kisa. Shi ya sa idan aka yi damben boksin na kambun duniya, aka cinye turmi 12 kowa na tsaye da ƙafafunsa, mai sanarwa ya karanto 115-113 da 113-115 da 114-114, sai fada ta kaure da musu. Wanda gwaninsa ya rasa ya rantse an sayi alƙalai, wanda nasa ya ci ya ce ai ko makaho ya gani. A cikinsu da wuya ka samu wanda ya rubuta makin turmi ko ɗaya. Alhali boksin ba baƙonmu ba ne: lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu, tagullar da marigayi Issaka Daboré ya ciwo a Munich a 1972, da naushi aka same ta.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, a wurin alƙali dambe mai turmi 12 ƙananan faɗa ne guda 12, kowanne da hukuncinsa, kuma turmin farko da na ƙarshe nauyinsu ɗaya.

Mataki na farko: shirya takarda, ka rage murya

Ka samu takarda da bik. Ka ja layi 12, gida biyu na ƴan damben, da ƙaramin gida na uku a gefe wanda za mu zo kansa. Idan a Riyad ake damben, babban wasan yakan faɗo wajajen tsakar dare agogon Yamai. Na Las Vegas kuwa sai gab da asuba, don haka ka sha shayinka da wuri, mai gyangyaɗi ba ya alƙalanci.

Sannan ka rage muryar tele, ko ka kashe ta gaba ɗaya. Mai sharhi yana da gwaninsa, ƴan kallo a zaure su ma suna da nasu, kuma sukan yi ihu a kan naushin da ya ƙare a kan safar hannu. A fada ba ka da ikon rufe bakin kowa, amma kana iya cewa: "Yaya, don Allah bari a buga ƙararrawa tukuna, sai mu yi gardamar." Minti ɗaya na hutu ya ishe ku.

Mataki na biyu: san lissafin

Alƙalan maki uku ne, kowa a gefensa na dandamali, ba sa magana da juna. Alƙalin da ke tsakiya ba ya ba da maki a damben kambu, aikinsa tsare doka da lafiyar ƴan wasa. Turmin maza minti uku ne, na mata yawanci minti biyu ne sau 10. A da turmi 15 ake yi. Bayan rasuwar ɗan Koriya Duk Koo Kim, wanda ya ji rauni a dambensa da Ray Mancini a 1982, WBC, ɗaya daga cikin hukumomin boksin na duniya, ta mayar da shi 12, sauran hukumomin suka bi baya cikin ƴan shekaru.

Wanda ya ci turmi maki 10 ne nasa, wanda aka ci 9. An yarda a rubuta 10-10, amma alƙalan kirki ba su cika yi ba, ni ma ina ba ka shawara ka guje shi, domin wurin ɓuyan mai tsoron yanke hukunci ne. Idan babu faɗuwa babu cire maki, 115-113 na nufin turmi 7 da 5, 116-112 turmi 8 da 4, 118-110 turmi 10 da 2, 114-114 kuma shida-shida. Ka haddace wannan, zai yi maka amfani a ƙarshe.

Mataki na uku: abin da ido zai bi

Nan aikin yake. Abu huɗu ake koya wa alƙalai: naushi mai tsabta, kai hari mai amfani, mallakar fage, da kāriya. Amma ba nauyinsu ɗaya ba. Naushin da ya shiga shi ne uban tafiya, sauran ukun sai idan ka kasa rabewa ta nan kake waiwayarsu.

Naushi mai tsabta shi ne wanda gaban dunƙulen hannu ya sauka a fuska, gefen kai, ƙirji, ciki ko haƙarƙari, sama da ɗamarar wando. Wanda ya bugi safa, kafaɗa ko damtse ba a lissafa shi, komai ƙararsa. Na ƙeya da na ƙasan ɗamara laifi ne. Dabarar da za ta taimake ka ita ce ka daina kallon hannun mai duka, ka kalli jikin wanda ake duka. Kansa ya yi baya? Gumi ya fantsama daga gashinsa? Gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe? Ya sauke gwiwar hannu yana kare haƙarƙari bayan an zuba masa ɗaya a ciki? Ya rungume abokin karawarsa ba gaira ba dalili? Waɗannan su ne shaidun cewa naushi ya isa inda aka aike shi. Alƙalai sukan sa idonsu a tsakanin mutanen biyu don kada su shagala da kallon ɗaya, kai ma ka gwada, musamman idan kana da gwani a ciki. Mai kallon gwaninsa kaɗai yana ganin duk abin da ya jefa, ba ya ganin abin da ya sha.

Naushin ciki shi aka fi zalunta a fada, saboda ba ya sa kai ya girgiza kuma kyamara ba ta cika nuna shi da kyau ba. Haka ma ɗan zungurin nan na hannun gaba. Mutum zai sa shi sau goma a fuskar abokin karawarsa, a ce wai bai yi komai ba, ɗayan ya wurgo wani babba guda da ya goge kafaɗa, a tashi tsaye ana tafi. To idan zunguri goma masu tsabta suka haɗu da ƙaƙƙarfan naushi biyu da suka girgiza mutum da gaske, wa ya ci? Nan alƙalai na gaskiya suke saɓawa, kuma babu wanda ya ci hanci. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: a cikin minti ukun nan, a jikin wa zan fi so in kasance? A damben kuɗi illa ta fi yawa daraja, amma sai illar ta bayyana a ido.

Kai hari kuwa, yawancinmu a nan muke ruɗewa. Wanda ke bin abokinsa gaba-gaba yana kama da mai nasara, wanda ke ja da baya yana kama da matsoraci. Amma idan mai matsowa yana shan biyu kafin ya ba da ɗaya, ba hari yake kaiwa ba, kai kansa yake yi. Mallakar fage kuma ita ce wa ke tilasta wa wani yin irin damben da yake so: dogo ya riƙe gajere a nesa, ko gajere ya matse dogo a jikin igiya. Kāriya ita ce ta ƙarshe, kuma kaucewa kaɗai ba tare da ramawa ba ba ta cin turmi.

Mataki na huɗu: raba turmin uku

Ƙwaƙwalwa abin da ta gani a ƙarshe take riƙewa, ƴan dambe kuma sun san haka. Saboda haka a ƙarshen kowane minti ka faɗa a ranka wa ke gaba, kuma da tazara kaɗan ko da yawa. Damben Sugar Ray Leonard da Marvin Hagler na Afrilun 1987 har yau ana musu a kansa saboda wannan: Leonard yakan yi ta zagaye, sai turmi ya kusa ƙarewa ya zubo naushi barkatai cikin sauri, zaure ya ɗauka. Alƙali ɗaya ya ba Leonard 115-113, ɗaya ya ba Hagler 115-113, na uku ya ba Leonard 118-110. Ruwan naushi na daƙiƙa 20 yana iya cin turmin da aka yi kankankan, amma bai isa ya goge minti biyu da rabi na wani ba.

Mataki na biyar: rubuta, kada ka goge

Ana buga ƙararrawa ka rubuta, kafin a maimaita hoton a hankali, domin alƙalai ba sa ganin maimaicin. Su a wurinsu kowane turmi da ƴar takardarsa, alƙalin tsakiya ya bi ya karɓe ya miƙa wa jami'in hukuma, ba mai sake ganin tasa. Kai ma ka ɗauka an karɓe. Kada ka ce "na ba wancan uku a jere, bari in ba wannan ɗaya", wannan rabon zakka ne, ba alƙalanci ba.

Ga amfanin gida na ukun nan: duk turmin da ka yi jinkiri kafin ka yanke, ka sa masa alamar tambaya.

Mataki na shida: faɗuwa da cire maki

Faɗuwa a boksin ita ce wani sashe na jiki ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa sakamakon naushi, ko kuma a ga igiya ce kaɗai ta hana mutum zubewa. Alƙalin tsakiya ne ke cewa faɗuwa ce ko santsi, kuma abin da ya ce shi za ka rubuta ko da ranka bai so ba. Faɗuwa ɗaya takan mayar da turmi 10-8, biyu 10-7. Idan kowa ya kayar da kowa sau ɗaya, sun goge juna. Idan alƙalin tsakiya ya cire maki saboda karo da kai ko dukan ƙasan ɗamara, zai ɗaga yatsa ya nuna wa alƙalai ɗaya bayan ɗaya: ka fara ba da makin turmin yadda ka gani, sannan ka cire. Wanda ya ci turmi aka cire masa ɗaya, 9-9 ke nan.

A nan ne mai idon kokowa yake shan mamaki. A Disamban 2018 a Los Angeles, Deontay Wilder ya kayar da Tyson Fury sau biyu, a turmi na 9 da na 12, amma aka tashi canjaras: 115-111 ga Wilder, 114-112 ga Fury, da 113-113. Duba na ƙarshen. Alƙalin ya ba Fury turmi 7, Wilder 5, wato 115-113, faɗuwa biyu suka cinye wa Fury maki biyu. Faɗuwa maki ɗaya take ƙarawa, ba ta cin dambe.

Amma maki ɗayan nan yakan raba gardama. A Mayun 2024 a Riyad, Oleksandr Usyk ya rikita Fury a turmi na 9 har igiya ta tare shi, alƙalin tsakiya ya ƙirga masa. Sakamako: 115-112 da 114-113 ga Usyk, 114-113 ga Fury. Katin nan, wato jimillar makin alƙali ɗaya, na 114-113 ga Usyk shida-shida ne a turame. Da ba a ƙirga faɗuwar ba, da 114-114 ne, da an tashi canjaras. Haka a 2004, Manny Pacquiao ya kayar da Juan Manuel Márquez sau uku a turmin farko. Alƙalai biyu suka rubuta 10-6, na uku ya rubuta 10-7, katinsa ya ƙare 113-113, aka yi kunnen doki saboda maki ɗayan nan.

Abu ɗaya a gurguje: idan karo da kai ba da gangan ba ya fasa wa mutum gira har aka tsayar da wasa bayan an kammala turmi huɗu, katunan ake tarawa a ba wanda ke gaba.

Mataki na bakwai: tara, sannan ka auna alƙalai

Kada ka tara sai an gama. Idan alƙalai uku suka ba mutum ɗaya, nasara ce ba hamayya. Biyu da ɗaya, rabuwar kai. Biyu suka ba shi, na uku ya ce canjaras, nasarar rinjaye. Idan aka tashi canjaras mai kambu yana riƙe kambunsa, amma zancen da ake yi cewa wai sai mai ƙalubale ya yi wa zakara dukan kawo wuƙa kafin a ba shi turmi, babu shi a doka. A kan kati zakara da mai neman kambu daidai suke.

Yanzu koma ga alamomin tambayarka. A ce ƴan damben biyu ne, ja da shuɗi, ka samu 115-113 ga ja, da alama uku, biyu a turamen da ka ba ja, ɗaya a wanda ka ba shuɗi. Juya su duka gefen ja, ka samu 116-112. Juya su gefen shuɗi, shi ya ci 115-113. Duk katin da ya faɗo tsakanin waɗannan biyun katin mai gaskiya ne, ko da bai ba gwaninka ba. Wanda ya fita daga wannan da'irar shi ne abin tuhuma. A damben Gennady Golovkin da Canelo Álvarez na farko, a Satumban 2017, katin 115-113 ga Golovkin da na 114-114 duk ana iya kare su. Na 118-110 ga Canelo, wanda ke cewa Golovkin turmi biyu kacal ya ci, shi ya tayar da ƙura, kuma a ganina ya cancanci ƙurar.

Alƙaluman naushi da ake nunawa a allo, na CompuBox, kada ka ɗauke su hujja. Mutane biyu ne ke danna maɓalli suna ƙirgawa, ba sa auna nauyin naushi, alƙalai ba sa ganinsu, kuma jimillar dambe gaba ɗaya ba ta gaya maka wa ya ci turmi nawa.

In kana son gwaji kafin babban dambe na gaba, nemo na Fury da Francis Ngannou ɗan Kamaru, na Oktoban 2023, turmi 10 ne. Yawancinmu ɗan Afirka muka goya wa baya, kuma ya kayar da Fury a turmi na 3. Alƙalai sun ce 96-93 da 95-94 ga Fury, 95-94 ga Ngannou. Ku zauna ku uku, kowa da takardarsa, murya a kashe, ba mai leƙa ta wani, sai an buga ƙararrawar ƙarshe ku baje su a kan tabarma ku ga turame nawa kuka haɗu a kai.