Shawara ga masu zuwa bakin teku a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga ana ta shirin kai yara Elegushi a Lekki bayan Sallah, shi ya sa na ce bari in ja kunne.

Iyon da ka koya a kogi ko kududdufi ba ya aiki a tekun Atlantika. Akwai wuraren da ruwan ke lafawa kamar babu komai, alhali nan ne yake jan mutum ciki. In ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi, ƙarfinka zai ƙare. Yi iyo ta gefe, tsawon gaɓar, har ka fita daga jansa, kana ɗaga hannu a gan ka. Ni kam ruwa ba ya wuce min gwiwa, kuma yaro ba ya barin hannuna, ko hoto ake ɗauka.

Masu Tarkwa Bay, da jirgin ruwa ake zuwa. Wanda bai ba ku rigar kariya ba, kada ku hau, ko da arha ya yi muku. Ku juyo tun kafin magariba.

Ku riƙe kuɗin shiga a hannu, ku tafi da leda ta kwashe shararku. Lambobin gaggawa a Legas: 112 ko 767, kyauta ne.