Shawara ga masu tura yara Amurka karatun likitanci

Jama'a in kwaleji (inda ake fara yin digiri kafin makarantar likitanci) tace maku kusan duk ɗalibanta na samun makarantar likitanci kar ku ruɗe, ku tambaya dame suka ƙirga, don wasu sai sun tace yaran tukuna, wanda makinsa ko MCAT ɗinsa (jarrabawar shiga makarantar likitanci) bai kai ba basa bashi wasiƙar kwamiti (wasiƙar shaidar da kwaleji ke turawa makarantar likitanci), kaga kenan baya cikin lissafin. A ƙasar gabaɗaya wajen 4 cikin 10 na masu neman makarantar likitanci ne ke shiga, ɗan ƙasar waje kuwa abin yafi wuya wlh.

Batun albashi bayan gama karatu kuma ku leƙa College Scorecard (shafin intanet na ma'aikatar ilimin Amurka), amma fa waɗanda suka ci tallafin gwamnatin tarayya kawai yake ƙirgawa. Ku gwada kwas da kwas, ba makaranta da makaranta ba.