Yadda Ake Zana Ƙwayar Zarra ta Sodiyom

Mu ɗauki sodiyom, wato Na, tunda shi ne rabin gishirin Bilma da ake kasawa a Kasuwar Dole ta Damagaram.

Da farko duba jadawalin Mendeleyeb, wato jadawalin sinadarai: lambar sodiyom 11, nauyinsa 23. Ƙwayar zarra ta ƙunshi ƙananan ɓurɓushi iri uku: furoton da nutaron a cibiya, ilektaron kuma a kewaye. Lambar ita ce yawan furoton, nauyin kuwa furoton da nutaron ne a haɗe. Ke nan furoton 11 ne, ilektaron ma 11. Cire 11 daga 23, saura nutaron 12.

Ɗora tsabar dala biyar a tsakiyar takarda, ka zagaye ta da fensir. Cibiya ke nan. Rubuta 11p da 12n a ciki.

Sai zobba uku kewaye da ita. In babu abin zana da'ira, murfin kwalba da bakin kofin shayi da ƙaramar tasa sun isa. Kowane ilektaron ɗigo ɗaya ne a kan zobe. Zoben ciki, K, ɗigo 2 kawai yake ɗauka. Na biyu, L, yana ɗaukar 8. Ka jera su bibbiyu a gabas, yamma, kudu da arewa, sun fi sauƙin ƙirgawa. Kada ka tsallaka zuwa zobe na gaba sai na ciki ya cika, nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ɗigo ɗayan da ya rage ya hau zobe na uku, M.

Wannan tilon na waje shi ne ilektaron ɗin haɗuwa. Kilorin, ɗaya rabin gishirin, mai lamba 17, jerinsa 2, 8, 7 ne, guda yake nema ya cika 8. Sodiyom ya miƙa masa, gishiri ya samu.

A salon Luwis kuwa, wato zanen da ke nuna ilektaron na waje kaɗai, rubuta Na, ka sa ɗigo ɗaya a gefensa.