Yadda Ake Sa Wa Tsohon Kan Jirgin Ƙasa Na Wasa Inji Ya Yi Tafiya

A kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh da ke kudancin Jidda, cikin tarkacen kayan yara, akan ci karo da tsohon kan jirgin ƙasa na wasa, ƙirar kamfanoni irin su Lima ko Hornby ko Märklin. Wani injinsa ya mutu an cire, wani kuma tun daga kamfani babu inji a cikinsa, jan sa kawai ake yi. Ana iya tayar da shi, amma da sharaɗi guda: kada a yanka kwanson, wato jikinsa na waje. Shi ne abu mai daraja. Kayan ciki ake gyarawa su dace da shi.

Fara da awo kafin ka kashe riyal ko ɗaya. Idan tsakanin ƙafafunsa ya dace da layin dogo mai faɗin milimita 16.5, to HO ne, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, ko OO na Ingila, 1 cikin 76. Layinsu ɗaya. Sai ka auna cikin kwanson: faɗi, tsawo, zurfi, da tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Rubuta a takarda.

Daga nan ka duba ƙafafun, domin a nan mutane da yawa ke ƙona kaya. A layi mai ƙarfe biyu, wuta tana shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan, don haka dole ƙafar dama da ta hagu su kasance babu haɗin wuta a tsakaninsu. Ɗora mitar gwada haɗin wuta a kansu. In ta yi ƙara, a haɗe suke, kamar yadda tsofaffin Märklin suke, masu ɗaukar wutar AC ta tsakiyar layi. Irin wannan sai an sauya masa ƙafafu, ko a bar shi a kan tsarinsa na asali.

Hanya mafi sauƙi ita ce samo wani kan jirgin mai rai wanda jikinsa ya lalace, a ɗauko ƙasansa gaba ɗaya da inji da giya, a ɗora tsohon kwanson a kai. In ya ɗan fi faɗi, ƙasan za a goge da magagari a hankali. Akwai kuma ƙafafu masu ɗauke da injinsu a ciki, kamar Tenshodo SPUD na Japan, waɗanda sukuru ɗaya ke riƙewa. Ni dai na fi son wannan ga kwanso mai ƙuncin ciki.

Wanda zai haɗa da kansa ya nemi ƙaramin injin DC mai volt 12. Wurin da aikin ke buƙatar haƙuri shi ne haɗuwar giyar injin da ta ƙafa. In ta matse, injin zai yi zafi yana gurnani. In ta yi sako-sako, haƙora za su cinye. Sa siririyar takarda tsakanin haƙoran, ka danna injin ya zauna, ka kafa shi da gam ɗin silikon, ka bar shi ya kwana, sannan ka zare takardar. Wannan 'yar tazarar ita ake nema. Kauce wa sufa gulu kusa da kwanson, tururinsa na sa tagogi su yi fari.

Wayoyi biyu ne kacal. Lanƙwasa siririn ƙarfen tagulla ya riƙa shafar bayan ƙafafun kowane gefe, ka liƙa waya da dalma zuwa injin. Yi wannan kwanson na nesa, don ƙarfen dalma na taɓa roba sau ɗaya ya bar tabo. Gwada da batir mai volt 9 a kan ƙafafun. A ƙa'ida, idan ƙarfen dama ne ke da wutar fositif, jirgin gaba zai yi. In ya yi baya, sauya wayoyin.

Kwanson roba ba shi da nauyi, ƙafafu za su yi ta juyawa a wuri ɗaya. 'Yan ƙarafan da masu gyaran taya ke mannawa a rim sun wadatar, a sa su daidai saman ƙafafun da ke ja. Amma ka riƙe jirgin da yatsa wuta na kunne: ya kamata ƙafafun su zame. In sun tsaya cak, nauyin ya yi yawa, injin zai ƙone.

Mai kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura, kuma wanda ba ya cin roba. Da yawa ƙura yake tarawa. Raɓar Jidda tana sa layi ya dusashe, sai a riƙa goge shi da ƙyalle da ɗan sifirit kafin a kunna. Kada kuma a bar jirgin cikin mota da rana, tsohuwar roba tana lanƙwashewa ta ƙi komawa.

Rufe kwanson da sukurorinsa na asali, kada ka ɗaure sosai. Bar shi ya zagaya kamar rabin sa'a a matsakaicin gudu, gaba da baya, kafin ka rataya masa tarago.