Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Farfaɗo da Injin Ford Flathead V8

A 1932 kamfanin Ford ya fitar da injin V8 mai arha, mai lita 3.6 da ƙarfin doki 65, wanda ake kira flathead saboda kansa a shafe yake, bawuloli na cikin bulok a gefen silinda. Samarin kudancin Kalifoniya suka riƙa sauke wa tsofaffin motoci nauyi, su ƙara wa wannan inji ƙarfi, su je tsere a busassun tafkunan Muroc da El Mirage. Nan sana'ar hot rod ta kafu. An daina sa shi a motocin Amurka bayan 1953, kuma injin Chevrolet na 1955 ya ƙwace masa kasuwa, amma har gobe ana haɗa shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka lalace a hannun masu gyara, an bi da su ne kamar injin zamani.

Kuskure mafi tsada shi ne sayen kaya kafin a gwada bulok, wato gangar jikin inji. Hayaƙin flathead ba ya fita kai tsaye. Yana ratsa cikin bulok ta tsakiyar hanyoyin ruwa, kuma silinda biyun tsakiya na kowane gefe ƙofar hayaƙi ɗaya suke rabawa, shi ya sa za ka ƙirga ƙofa uku a gefe maimakon huɗu. Wannan zafin ne ke tsaga ƙarfe, galibi daga mazaunin bawul zuwa bakin silinda. Ido ba ya ganin tsagar a bulok mai datti. A wanke shi fes, a yi masa gwajin maganaɗisu mai fito da ɓoyayyiyar tsaga, sannan a toshe ƙofofin ruwa a hura iska a ga ko yana yoyo. Gajeriyar tsaga daga ramin noti zuwa ramin ruwa ana iya zama da ita. Wadda ta gangara cikin silinda sai an ɗinke ta an sa hannun riga, wato sabon bututun ƙarfe a cikin silindar, kuma sau da yawa neman wani bulok ya fi sauƙi.

Daga nan sai zafi. Inji na tafasa, mutum ya sayo babban lagireto, bayan kwana biyu ya sake tafasa. Laifin na ƙasan bulok, inda tsatsar shekara saba'in da ragowar yashin zubi suka daskare a bayan silinda na ƙarshe. Sai an sa waya da ruwa mai ƙarfi an tono su. Famfon ruwa biyu ne, tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi) ma biyu, kowane gefe da nasa, kuma cire su ba magani ba ne. Wajen kwance famfon, a tuna akwai noti ɗaya a ɓoye cikin bakin da tiyon ƙasa ke shiga. Wanda bai san da shi ba sai ya yi ta bugu da guduma har ya fasa abin da bai lalace ba.

Kafireto biyu ko uku na Stromberg 97 jere a kan manifol (hanyar shigar iska da fetur cikin inji) na kamfanin Edelbrock shi ne adon wannan inji, kuma a nan ake yin kuskure biyu. Stromberg ba ya son matsin fetur ya wuce kimanin 2.5 a ma'aunin matsi na psi. Famfon fetur na lantarki yakan ba da ninkin haka, sai mai ya cika ya malalo kan inji mai zafi. A sa abin daidaita matsi da agogonsa a tsakani. Na biyu ya shafi injin 8BA na 1949 zuwa 1953. Distributonsa, mai raba wuta ga fulogi, ba shi da nauyayen da ke sa wuta ta zo da wuri in gudun inji ya ƙaru, da zuƙar iska daga kafireton asali kaɗai yake aiki. Da an ƙara kafireto zuƙar ta ragu, wuta ta riƙa makara, mota ta yi nauyi, zafi ya ƙaru. A canza shi da mai nauyaye.

Masu neman ƙarfi kan kankare kan inji da yawa don ƙara matsi. A flathead iska na bi ta ɗan sararin da ke tsakanin bawul da silinda, in an rage shi inji ya shaƙe. Matsin 8BA na asali 6.8 bisa 1 ne, kuma kusan 8 bisa 1 ya ishi motar titi. A liƙa ɗan yumɓu a kan bawul da fistan, a ɗora kan, a juya inji da hannu, a auna kaurin abin da ya saura. A kuma lura cewa kai mai noti 21 ba ya hawa bulok mai 24. Ramukan notin suna buɗewa cikin ruwa, don haka a shafa wa zaren abin hana yoyo. In kan alminiyam ne, a ɗaure daidai awon da maƙerinsa ya bayar, a sake ɗaurewa bayan inji ya yi zafi ya huce, har sau uku.

Wanda ya mayar da wutar motar daga volt 6 zuwa 12 ya sa abin rage wuta wa agogon mai da na zafi, in ba haka ba za su ƙone.

Ranar tashin farko, kada a bar sabon kamshaf, sandar da ke buɗe bawuloli, yana sulo. Tafet ɗinsa, ƙarafan da ke tsakaninsa da bawuloli, shafaffu ne, da man da ke fantsamowa suke rayuwa. A zuba baƙin mai mai isasshen zink, domin man zamani an rage masa shi, a riƙe inji tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti ɗaya, na tsawon minti 20 zuwa 30, ana kallon agogon zafi, sannan a juye man tun yana da ɗumi.