Yadda za ki shiga harkar binciken karatun cikin gida, daga wadda ta sha rana a lungunan Katsina

Ranar da na ce ma ƙanwata aikina shi ne in shiga gidajen mutane in zauna in ga yadda yara ke koyon karatu wajen iyaye da yayye, dariya ta yi har da riƙe ciki, wai "Yaya ai wannan gulma ce ake biyanki". To yanzu ita ce ta gama bautar ƙasa tana bina da tambaya ta ina ake farawa, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya samu.

Maganar takarda ba ta da tsawo. Ki samu digiri a fannin ilimi, in da hali ɓangaren ilimin manya ko na ƙananan yara ko koyar da harshe. Nan gida akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta tarayya da ke Dutsin-Ma, mai NCE daga kwalejin ilimi ta FCE Katsina ko ta Isa Kaita ita ma hanya a buɗe take, sai ta ɗora. In Hausa kika karanta ko ilimin zamantakewa kar ki ce kin yi ɓatan kai, PGDE za ki yi, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ki wuce mastas, kuma BUK da Jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato duk suna da sashen ilimin manya. A mastas ɗin ne ake fara bincike na gaske, don haka ki nemi sufabaizan da ya taɓa zama kan tabarmar mutane, ba wanda duk bincikensa raba fom ne a aji ba.

Sai ki san waɗanda suka riga ki. Wata baturiya Denny Taylor ce ta fito da sunan fannin, wato family literacy, a 1983, kuma gida 6 kacal ta bi a Amurka, shekara uku tana zuwa tana dawowa. A 1995 wasu biyu, Hart da Risley, suka fitar da binciken gida 42 da suka bi a Kansas ta Amurka, suka ce ɗan talaka na jin kalmomi ƙasa da ɗan mai hali da tazarar miliyan 30 kafin ya shiga makaranta, maganar ta zagaye duniya amma har yau masana na ja da ita. Shi kuwa Luis Moll a Arizona cewa ya yi a shiga gida a nemo abin da suka iya tukuna, a gina darasi a kai. Ni dai nan na fi karkata. Kuma kar ki manta namu, yaƙi da jahilci na shekarun 1950 da littattafan da aka riƙa bugawa a Zariya, da hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, shekara goma kafin ta tarayya wato NMEC ta zo a 1990.

Yanzu ga inda na fi so ki buɗe kunne. Fitata ta farko na ɗauki takardar tambayoyi da na kwafo daga wani aikin turawa na juya ta Hausa, tambaya ta uku wai littattafai nawa ne a gidan nan. Na shiga wani gida wajen Ƙofar Marusa, matar gidan tana tankaɗe ta ce "wallahi Malama mu ba mu da littafi ko ɗaya", na rubuta sifili na ji na yi aiki. Ina ɗaga kai ga alluna huɗu jingine da bango tawada ba ta gama bushewa ba, ga gafaka rataye, ga jakar Islamiyya da Ahalari a ciki, ƙarƙashin filo kuma da muka saba na gane akwai littattafan Hausa na soyayya da take haya. A jikin ƙofar ɗaki ta ja layi-layi da gawayi, lissafin masu bashin ƙuli-ƙuli ne, kuma ɗiyarta 'yar shekara takwas ce ke karanta mata saƙon WhatsApp in mai gidan ya turo daga Legas. Ita a wajenta "littafi" na boko ne kawai nake nufi. Gidan cike da karatu ni kuma na rubuta babu. Da na tafi da wannan sifilin na haɗa da na sauran gidaje da na tsaya gaban malamai na ce mutanenmu ba su karatu, kuma da an tafa mani.

Don haka kafin ki rubuta tambaya ko ɗaya, ki yi sati biyu kina zuwa kallo kawai. Wa ke biya ma yaro allo bayan asuba, wa ke duba aikin gida na boko, sau da yawa ba uwa ba ce ba uba ba, yayarsa ce 'yar aji biyar ko wani ɗan maƙwabta. Ki duba ko kaka na yin tatsuniya ko waya ta kashe tatsuniyar. Ko akwai mai rubuta ajami. In gidan mata biyu ne ko uku ki lura kowane ɗaki da tsarinsa, kar ki haɗa su a layi ɗaya ki ce "gida".

Shiga gidan ma da ƙa'ida. Takardar izini daga makarantarku daban, amma ba ita ke buɗe zaure ba. Ki fara da mai unguwa, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni, shi zai haɗa ki da wata dattijuwa ko malamar Islamiyya da za ta riƙa yi maki jagora. A nemi yardar mai gida, sannan ita ma matar a tambaye ta da bakinta, don yardar miji ba ta nufin ta yarda. Ki faɗa tun a bakin ƙofa cewa ba tallafi kika kawo ba, ba kuma rajista kike ba, in ba haka ba za a ba ki amsar da ake ganin za ta jawo buhun shinkafa. Kar ki ɗauki murya ko hoto sai an ce to, kuma suna na gaskiya ba ya shiga rahoto. Ku maza kuwa, ƙannena, kun san gidan aure ba a shiga, sai ku samu abokiyar aiki mace ku kuma ku riƙe zaure da majalisa da tsangaya, ɓangaren iyaye maza ma bincike ya yi ƙaranci a kai sosai.

Kayan aiki ba su da yawa, waya mai riƙe caji da fawa bank da ƙaramin littafi. Ki koyi KoboToolbox, manhajar tattara bayanai a waya, don yana aiki ko babu netwok, ki koyi Excel da kyau kafin ki fara zancen SPSS, manhajar nazarin alƙaluma. Ki kuma koyi gwajin EGRA, wanda ake ba yaro minti ɗaya a ga harafi nawa ko kalma nawa zai karanta daidai, an yi amfani da irinsa a shirye-shiryen karatun Hausa kamar RANA da aka yi a Katsina da Zamfara. Amma shi gwaji zai gaya maki yaron ya iya ko bai iya ba ne, dalilin yana cikin gida.

Abin da ba a gaya ma mutum shi ne rubuta hira. Hirar awa ɗaya za ta iya cinye maki wuni, ga kukan akuya ga injin markaɗe a bayan murya. Ki rubuta ta da Hausar da aka yi ta, Katsinanci ya zauna a Katsinancinsa, sai daga baya ki juya abin da za ki sa a rahoto. Kuma a daren ki rubuta abin da ido ya gani, gobe ya gudu.

Hanyar cin abinci fa? Yawanci koyarwa ce a kwalejin ilimi ko jami'a, a nan ne za ki iya neman kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa ma manyan makarantu. Akwai SUBEB, hukumar ilimin matakin farko, da hukumar ilimin manya ta jiha, akwai ƙungiyoyi irin UNICEF da ke ɗaukar masu tattara bayanai na ɗan lokaci, kuma da yawanmu ta nan muka shigo, kwana goma ana biyanki kina koyon aiki. Ba harkar yin kuɗi da wuri ba ce, gara in faɗa maki.

In kin gama ki koma gidajen. Ki taƙaita abin da kika gano a shafi ɗaya da Hausa ki karanta masu, su gyara maki inda kika yi kuskure. Matar Ƙofar Marusa da na karanta mata nawa ta ce na manta rediyo, wai ai kullum da safe tare da yaran suke ji, sai da na koma na ƙara babi guda.